Me ya hana su tashi? Iyalan bakin daji a ƙagaggun labaran yaƙin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta ƙagaggun labarai na tarihi da dama a kan iyalan Turawa da suka je suka sari daji a bakin iyakar Amurka, yaƙi ya riske su a can. Kusan duk tafiyarsu ɗaya: a ƙone musu gida, su gudu, ƙura ta lafa su dawo su sake gini, a sake ƙonewa. Shin haka abin ya faru, ko marubuta ne ke ƙara gishiri? Me ya hana su tashi su bar wurin? Kuma yaya zan gane labarin da aka rubuta tsakani da Allah?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ƙona gari da komawar mutanensa su sake gini ba ƙarin gishiri ba ne, ya faru, wasu garuruwan ma fiye da sau ɗaya. Gishirin yana wajen dalili. Marubuci mai neman sauƙi zai nuna miki cewa jarumtaka ce ta zaunar da su, alhali in kin bi tarihin za ki tarar fili ne da hatsi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: waɗanda suka bar wurin, da rai ko ba rai, sun fi waɗanda suka zauna yawa.

Bari in tsaya a wuri guda, domin bakin iyakar Amurka ya yi ta matsawa yamma sama da shekara 200, kowane zango da nasa yaƙin. Zan ɗauki kwarin kogin Mohawk da ke jihar New York ta yau, a lokacin yaƙin neman 'yancin kai daga Ingila na 1775 zuwa 1783. A nan aka gina labarin da ya fi kowanne suna a wannan fanni, Drums Along the Mohawk na Walter D. Edmonds, wanda ya fito a 1936 aka yi fim ɗinsa a 1939, kuma da yawa daga waɗanda suka biyo baya a sawunsa suka taka.

Ki fara da sanin su wane ne mutanen. Yawancin manoman da ke can saman kwarin Jamusawa ne 'yan asalin yankin Palatine na gaɓar kogin Rhine. Kakanninsu sun baro gida a 1709, bayan sojojin Faransa sun yi ta tattake ƙasarsu, ga wani mugun hunturu da ya kashe musu gonakin inabi. Wajen mutum 13,000 suka isa Landan a shekarar. Gwamnatin Ingila ta kwashi kimanin 3,000 zuwa New York a 1710, ta zube su a sansanoni a bakin kogin Hudson su riƙa tatso ƙaro daga itatuwa don liƙe jiragen ruwan yaƙinta. Aikin bai yi albarka ba, a 1712 aka yanke musu abinci aka ce kowa ya yi ta kansa. Wasu suka ratsa daji zuwa Schoharie, suka yi sassabe suka shuka, sai ga attajiran birnin Albany da takarda a hannu, wai filin nasu ne. Sai a 1723 da 1725 ne wasunsu suka sami fili da sunansu, a Stone Arabia da German Flatts, a na biyun eka 100 ga duk wanda sunansa ya shiga takarda. Bayan shekara 32, a Nuwamban 1757, Faransawa da abokan yaƙinsu suka faɗa wa German Flatts, suka ƙone gidaje wajen 60, suka kashe wajen mutum 40, suka kora kusan 150 zuwa Kanada. Waɗanda suka tsira suka sake gini.

To magidancin da ke da shekara 40 a 1778 ya ga wannan ƙuna da idonsa yana saurayi, ya kuma taso yana jin labarin Hudson da Schoharie a bakin kakarsa. Ya san ɗacin noma filin da ba naka ba. Dukiyarsa kuma ba mai ɗaukuwa ba ce. Shekarun da ubansa da kakansa suka ɓata suna sare itatuwa, suna tumɓuke kututture, suna kwashe duwatsu, su ne dukiyar, kuma suna kwance a cikin ƙasa. In ya tashi, iyakarsa Schenectady ko Albany, ya zauna da 'ya'ya a rumfar wani yana jiran abin da hukuma za ta sam masa. Saboda haka da yawa ba zaɓar zama suka yi ba, tashin ne ya fi ƙarfinsu. Labarin da ya nuna miki wannan lissafi a bakin miji da mata da dare, ɗaya na cewa a tafi ɗaya na cewa ina za a, ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya sa magidanci ya dafe ƙirji yana jawabin kishin ƙasa.

Sai kuma irin yaƙin. Kwarin Mohawk da na Schoharie na cikin rumbunan da ke ciyar da sojojin Janar George Washington, jagoran 'yan neman 'yanci. Masu kai hari daga Kanada da sansanin Niagara, da ke hannun Ingila, sun san haka, shi ya sa alkama suke bi fiye da rayuka. Alkamarsu ana shuka ta ne kafin sanyi ya shiga, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a yanke ta a Yuli zuwa Agusta. Duba watannin manyan hare-haren: Satumban 1778, Agustan 1780, Oktoban 1780, duk lokacin da dami ya shiga rumbu.

Ga yadda na Satumban 1778 ya kasance. Da yammacin ranar 16 ga wata wani ɗan leƙen asiri mai suna Adam Helmer ya iso German Flatts a guje, bayan an yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a kudu, ya ce ga su nan tafe. Mutane suka kwashi yara da abin da hannu zai iya ɗauka suka shige kagara biyu, Fort Dayton a arewacin kogi da Fort Herkimer a kudu. Da gari ya waye mayaƙan Joseph Brant, jagoran yaƙi ɗan ƙabilar Mohawk da ke bin Ingila, da na Kyaftin William Caldwell suka bazu a gaɓa biyu suna cinna wuta, masu gidajen na kallo ta saman shinge. Gida 63 suka ƙone, da rumbuna kusan haka, da maniƙa (gidan niƙan hatsi) uku. Dawakai da shanu da tumaki aka kora, waɗanda suka ƙi koruwa aka kashe. Mutum nawa suka mutu? Uku. Amma sama da 700 suka wayi gari ba rufi, hunturu kuma saura wata biyu.

A wurina nan ne labari yake farawa, kuma nan ake gane marubuci. Mai rauni zai ɓata shafi 20 a gudun Helmer da harshen wuta, sai ya tsallake ya ce bayan wata shida. Gwani zai tsaya a washegarin. Irin da za a shuka a wannan watan ya ƙone tare da na ci, wa zai ba da rance? Da me za a yi huɗa, shanun sun tafi? Matar da ta tono ɗan hatsin da ta binne, ina za ta kai niƙa tunda maniƙa ta zama toka? Ko ta daka da hannu, ko wani ya saɓa buhu ya bi hanyar da ake tare mutane. Saniya guda da ta ɓuya a daji ta dawo da kanta, ta zama abin rigima tsakanin gida biyu. Takalmin yaro ya mutu, ƙanƙara ta sauko. Juriyar da kike tambaya a kai a irin waɗannan abubuwa take, kuma rabinta ko fiye a wuyan mata ta rataya, domin mazan daga ɗan shekara 16 duk suna cikin rajistar mayaƙan sa-kai, ana iya kiransu kowace rana, ko da lauje na hannu. Gaba kura baya sayaki: in ya amsa kira alkama ta zube a gona, in ya ƙi a ci shi tara a kuma fara yi masa kallon mai biyayya ga sarkin Ingila.

Zaman kagara ma ba abin sha'awa ba ne yadda fim ke nuna shi. Yawancinsu gidan wani mai hali ne na dutse, ko coci, aka kewaye da shingen gungume. Fort Klock, wanda har yau yana tsaye, gidan wani ɗan kasuwa ne da aka gina a 1750, bangonsa mai kauri da 'yan ramukan zura bindiga, da idon ruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don kada ƙishirwa ta fito da mutane. Zuwa 1781 mutanen kwarin a kagara 24 suke cunkushe, iyali goma a wata, a wata har hamsin. Da safe a fita gona a ƙungiya, wasu na yanka wasu na tsaye da bindiga suna kallon bakin daji, a gama gonar wannan a koma ta wancan, kafin rana ta faɗi a dawo. Wanda ya san halin da manoma ke ciki a wasu sassan Zamfara da Katsina a 'yan shekarun nan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Duk da haka kwarin ya zube. Bayan harin Sir John Johnson, babban mai filaye a kwarin da ya bi Ingila, na Oktoban 1780, wanda ya share Schoharie ya haura Stone Arabia, Gwamnan New York George Clinton ya ƙiyasta asarar gidaje 200 da alkamar da ta kai wajen tan 4,000, ya kuma ce Schenectady ce ta zama bakin iyaka yanzu. Kanar Marinus Willett, da aka ba tsaron yankin a 1781, ya rubuta wa Washington cewa mayaƙan sa-kai da suka kai 2,500 a farkon yaƙi sun koma wajen 800. Waɗanda suka ɓace ya kasa su uku: kashi ɗaya an kashe ko an kama, kashi ɗaya sun yi ƙaura zuwa cikin ƙasa, kashi ɗaya sun koma wajen abokan gaba. Kin ga ke nan ƙagaggen labari yakan bi iyali guda ne daga cikin tsirarun da suka rage, mai karatu ya rufe littafi yana zaton haka kowa ya yi. Ba laifi ba ne a zaɓi wanda ya zauna, labari dole ya zaɓa. Laifin shi ne a mayar da wanda ya ɗauki 'ya'yansa ya tafi matsoraci, alhali sau da yawa shi ne 'ya'yansa suka rayu.

Wannan kashi na uku na Willett shi ne abin da na fi so ki lura da shi. Yaƙin kwarin Mohawk yaƙin maƙwabta ne. Ranar 6 ga Agustan 1777 Janar Nicholas Herkimer ya ja manoma wajen 800, tare da mayaƙan ƙabilar Oneida, 'yan asalin ƙasar, don su ceci sansanin Fort Stanwix da aka yi wa ƙawanya. A wani kwazazzabo kusa da Oriskany aka yi musu kwanton ɓauna. Harsashi ya farfasa wa Herkimer ƙafa, ya sa aka jingina masa sirdinsa a gindin bishiya, ya kunna lofensa yana ba da umarni; bayan kwana goma ya mutu sakamakon yanke ƙafar. Kusan rabin mutanensa an kashe, ko an raunata, ko an kama, a yini guda, ana tsakiyar girbi. Su wa ke ɗaya ɓangaren? Cikinsu har da ƙanensa Johan Jost Herkimer, da mutanen da jiya-jiya suke haɗuwa da su a coci da maniƙa. Wanda ya zo ƙona rumbunki a 1780 ya san inda rumbun yake, domin ya taɓa taya ki ɗaga shi. Kuma shi ma yana da abin faɗa: an kore shi, an ƙwace gonarsa, jihar ta yi dokar ƙwace dukiyar manyan masu biyayya ga sarki a 1779, matarsa da 'ya'yansa an bar su a baya cikin tsangwama, wasu an tsare su. 'Yan hayar gonakin gidan Johnson, da yawansu 'yan tsaunukan Sikotland da ba su fi 'yan shekaru da zuwa ba, sun ƙare a gaɓar kogin St. Lawrence a 1784 suna sare sabon daji daga farko. Su ma iyalan bakin iyaka ne, su ma sun jure. Littattafan Amurka kan ajiye su a matsayin mugaye, na Kanada kuma su ne jaruman.

Sannan ga masu ƙasar. Kwarin sunan Mohawk yake ɗauke da shi domin nasu ne, ɗaya daga ƙabilu shida na tarayyar Haudenosaunee, tare da Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca da Tuscarora. Tsofaffin labarai sukan nuna su kamar wata annoba da ke fitowa daga duhun daji, ba gida ba gona. Alhali manoma ne masu garuruwa, matansu ke riƙe da gonakin masara da wake da kabewa, ta wajen uwa ake lissafin dangi, iyayen dangi mata ne ke zaɓar sarakuna. Yaƙin ya raba su: Oneida da Tuscarora suka bi 'yan neman 'yanci, yawancin sauran suka bi Ingila, suna ganin ita ce za ta fi tsare musu iyakar da aka shata a yarjejeniyar Fort Stanwix ta 1768. Kashe-kashen da aka yi a Cherry Valley ranar 11 ga Nuwamban 1778, inda farar hula wajen 30 suka mutu, yawancinsu mata da yara, gaskiya ne kuma abin ƙyama ne. Amma wata guda kafin nan sojojin Amurka sun ƙone garuruwan Onaquaga da Unadilla. A 1779 kuma Washington ya tura Janar John Sullivan da soja sama da 4,000 da umarnin a share ƙasar. Garuruwa wajen 40 suka ƙone, masarar da Sullivan da kansa ya ƙiyasta ta kai wajen tan 4,000, har itatuwan lambu suka sassare. Mutum wajen 5,000 suka kwarara Niagara neman abinci a hannun Ingilishi, hunturun shekarar kuma ya zo da tsananin da tsofaffi ba su taɓa gani ba.

Akwai wata mata da ta ba da labarin wannan hunturu da bakinta, aka buga a 1824. Mary Jemison Baturiya ce da aka kama tana yarinya a Pennsylvania a shekarun 1750, Seneca suka ɗauke ta 'ya, ta yi aure a cikinsu ta ƙi komawa. Da sojojin Sullivan suka wuce, ta dawo garinsu ba ta tarar da ko abin da zai ciyar da yaro na yini guda ba. Ta goya biyu, ta ce wa uku su biyo ta, ta gangara wata fadama a bakin kogin Genesee. Can ta iske wasu baƙaƙen fata biyu da suka gudo daga bauta sun yi 'yar bukka sun noma masara. Ta yi musu aikin ɓare masara ana biyanta da zangarniya, har ta tara abin da ya kai wajen buhu shida na awonmu, da shi ta fitar da 'ya'ya biyar daga hunturun. In ana neman iyalin bakin iyaka da ya jure yaƙi, ga shi nan, sai dai ba irin wanda aka saba ɗorawa a bangon littafi ba ne. Zancen bayi ma kada ya wuce ki: manyan kwarin na ɓangarorin biyu, har da Herkimer da gidan Johnson, suna da bayi 'yan Afirka, kuma wani ɓangare na noman da ake yaba wa iyali hannunsu ne ya yi.

Marubuta na son labarin Johann Christian Schell, kuma ban ga laifinsu ba. Ya ƙi shiga kagara, ya gina nasa ɗakin gungume a gonarsa arewa da Fort Dayton. Da mahara suka zo, suka kama 'ya'yansa biyu a gona, shi da matarsa da sauran 'ya'yan suka kulle ƙofa suka yi ta musayar wuta har dare. Yadda mutanen yankin ke ba da labarin, da maharan suka zuro bakin bindigoginsu ta ramukan bango, matar ce ta sa gatari ta lanƙwasa su. Iyalin suka tsira. Abin da ake yawan yankewa shi ne abin da ya biyo baya: ba a daɗe ba aka harbe Schell yana aiki a gonarsa, ya mutu daga raunin. Yini guda na jarumtaka yana da daɗin rubutu, amma gona kullum sai an fita.

Ki kuma riƙa duba shekarar da aka rubuta littafi, ba shekarar da yake ba da labari kaɗai ba. Na Edmonds ya fito ne ana tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da bankuna ke ƙwace gonaki, iyalai na loda kaya a mota suna barin gida. Mai karatu na wannan zamani yana bukatar a ce masa kakanninka sun rasa komai sun sake farawa. Shi ya sa littafin ya yi kasuwa, shi ya sa kuma ya ba wahalar talaka da sakacin hukumomin nesa fili sosai, wanda a ganina nan ne ƙarfinsa. Waɗanda aka rubuta daga shekarun 1970 zuwa yau sun fi ba mata da 'yan asalin ƙasa baki, sai dai wasunsu sun faɗa wani ramin, suna cusa wa matar 1778 tunanin 'yar jami'ar yau, ta riƙa magana kamar ta san yadda tarihi zai ƙare. Mutanen kagara ba su san wa zai ci yaƙin ba. An yi faɗan Johnstown ranar 25 ga Oktoban 1781, kwana shida bayan sojojin Ingila sun miƙa wuya a Yorktown, an kuma ci gaba da kai hari a kwarin har cikin 1782, shekarar da aka ƙone maniƙar Little Falls.

Saboda haka in kin ɗauki irin wannan littafi, ki ga ko marubucin ya san watan shuka da watan girbi, ko ya san abin da iyalin suka ci a watan Fabrairu. Ki ga ko mutumin da ke riƙe da wutar yana da suna da uwa da dalili. Ki kuma lura da inda ya ajiye alƙalami. Galibi a 1783 ko 1784 ake tsayawa, iyali na komawa gonarsu da amalanke. A daidai wannan lokaci yarjejeniyar Paris ta 1783 ta ƙare yaƙin ba tare da ta ambaci ƙabilu shida ko da kalma guda ba. Mohawk ɗin da suka bi Brant suka koma gaɓar Grand River a Kanada a kan filin da aka ba su a 1784. Oneida, da suka zubar da jini tare da Herkimer a Oriskany, jihar New York ta karɓe yawancin ƙasarsu ta yarjejeniyoyin 1785 da 1788. Filin da jihar ta ware don biyan tsofaffin sojojinta, kusan eka miliyan 2, ƙasar Onondaga da Cayuga ce, aka yanka ta eka 600-600 aka raba ta hanyar ƙuri'a, sababbin iyalai suka shiga da gatari a shekarun 1790.